A Kwanar da Kwana Ya Ƙare

Kawu bai ga amfanin wannan tafiya ba, kuma bai ɓoye mini ba. "Yanzu kai ka taso tun daga Kano, ka zuba kuɗin jirgi, ka zo har Italiya, a ce abin da idonka ke marmarin gani shi ne katangar da wani Bature ya daka da mota?" Na ce masa mutumin ɗan Birazil ne. Ya ce duk kanwar ja ce. Amma da asuba shi ya tashe ni, na tarar har ya cika fulas da shayi ya saka rigar sanyinsa.

Ƙanin mahaifiyata ne. Kafin ya ƙetaro ya yi shekaru yana jan tirela tsakanin Kano da Legas, yanzu kuwa ya haura shekara ashirin yana aiki a wata masana'antar tayil kusa da Modena. Wannan yanki na Emiliya-Romanya shi ne mahaifar motocin gudu na Italiya. Ferrari tana Maranello, Maserati tana cikin Modena, Lamborghini da babur ɗin Ducati suna ta wajen Bolonya. Kawu yana wuce allunansu kullum, bai taɓa ɗaga kai ya duba ba. A wurinsa mota ita ce wadda za ta ɗauki buhu ɗari shida ta sauke a Legas ba ta yi tari ba.

Mun hau jirgin ƙasa zuwa Bolonya, muka canza wani mai bin hanyar Rimini. Ko rabin awa ba mu cika ba aka ce ga Imola. Ni da na daɗe ina jin sunan garin na zaci zan ga birni mai hayaniya, sai na tarar da gari mai sanyin hali, tsofaffi a kan kekuna, shagunan burodi, tsohuwar ganuwa ta jan bulo. A nan ne Leonardo da Vinci ya zauna a 1502 ya zana taswirar garin kamar wanda ke kallonsa daga sama, shekaru aru-aru kafin a san jirgi. Daga tasha hanya miƙaƙƙiya ce. Ka ratsa tsakiyar gari, ka bi wani titi mai itatuwa a jere da ake kira Viale Dante, sai ka iso gada. Ƙarƙashinta kogin Santerno ne, ƙetarenta kuma filin tseren motoci mai suna Enzo e Dino Ferrari. A kan gadar Kawu ya leƙa ya ce, "Wannan ne kogin? Ai Jakara ma ta fi shi cika ido." Na ce ya riƙe kogin nan a ransa, za mu dawo kansa.

Yadda na fara sanin Ayrton Senna abin dariya ne. Ina ɗan firamare aka aike ni sayen tsire, mai tsiren ya naɗe mini shi a shafin wata mujallar Turawa. Da aka cinye na baje takardar, duk mai ya jiƙa ta, sai ga hoton mutum cikin wata irin mota mai kama da fara, tayoyinta a waje, kansa a waje, sanye da hular kwano rawaya mai ratsin kore. Ban iya karanta abin da aka rubuta ba. Sai da na girma na san cewa gasar sunanta Formula 1, cewa tun 1950 ake yin ta, cewa motocin suna haura kilomita 300 a awa, kuma mai rawayar hular ya mutu ranar 1 ga Mayu, 1994, a wannan wuri da na sa ƙafa yau.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, hanyar tseren, mai tsawon kusan kilomita 5, ta zagaye wani lambun shaƙatawa ne na jama'ar gari, har da filin ƙwallo da gidajen mutane a ciki. Ranar da babu gasa kowa shiga yake yi. Mun wuce wata tsohuwa tana jan karenta, mun wuce yara a kan lilo. Can cikin itatuwa sai ga shingen waya ya cika da tutoci, yawancinsu na Birazil, wasu rana ta cinye launinsu har sun koma fari. Akwai riguna, huluna, hotuna a cikin leda, wasiƙu da harsunan da ban san su ba. Gaban shingen mutum-mutumin tagulla ne na Senna, wanda aka kafa a 1997. Ba a yi shi tsaye yana ɗaga kofi ba. Zaune yake cikin kayan tsere, kai a sunkuye, hannuwa a cinya, kamar wanda aka yi wa rasuwa yana jiran a fito da gawa. Inda hannun masu ziyara ke yawan shafawa tagullar ta yi haske.

Kawu ya zagaya shi sau ɗaya, ya ce, "Yaro ne ashe." Na ce shekararsa 34, kuma sau uku yana zama zakaran duniya, a 1988 da 1990 da 1991. Ya leƙa ta cikin waya ya dubi kwalta. Nan fa idon direba ya motsa. "Wannan ai an karya ta," in ji shi. "Hagu, dama, hagu. Wa zai mutu a nan? Ko tirela ba za ta faɗi ba."

Gaskiyarsa. Kwanar Tamburello da muke kallo ba ita ce ta 1994 ba. Ta wancan lokaci doguwar lanƙwasa ce guda ɗaya zuwa hagu, wadda direba ke shiga ba tare da ya ɗaga ƙafa daga totur ba. Ba ta da wuyar tuƙi. Matsalarta ita ce in wani abu ya karye a mota, tsakaninka da katangar kankare 'yar ciyawa ce da ɗan siminti, ba wurin da mota za ta rage gudu. Kuma kowa ya san haka, domin kwanar ta sha yin gargaɗi. A 1987 Nelson Piquet ya daki katangar ya tsira. A 1989 Gerhard Berger, ɗan Ostiriya, ya dake ta da Ferrari cike da fetur, motar ta kama da wuta yana ciki a sume. 'Yan kwana-kwana suka iso cikin daƙiƙu suka kashe wutar, ya tashi da ƙuna a hannu da karayar haƙarƙari, gasa ɗaya kawai ya rasa.

Berger ya sha ba da labarin abin da ya biyo baya. Shi da Senna, wanda abokinsa ne, sun tako har gindin katangar don su ga ko za a iya matsar da ita baya. Suka leƙa bayanta, suka ga kogi. Suka dubi juna, suka yanke cewa ba yadda za a yi, suka juya. Tun da na karanta wannan labari yake damuna, kuma shi ne ainihin abin da ya kawo ni Imola. Mutum biyu da suka fi kowa sanin hatsarin, suka tsaya a daidai wurin, tunaninsu duka ya tafi kan katanga. Ba wanda ya ce a taɓa hanyar.

Muka sami benci muka zauna, Kawu ya zuba shayi, na shiga ba shi labarin kwanaki ukun nan na 1994.

Ranar Juma'a, 29 ga Afrilu, wani matashi ɗan Birazil, Rubens Barrichello, ya taka gefen hanya a wata kwana, motarsa ta tashi sama ta daki shinge ta kife. Ya suma, harshensa ya toshe masa numfashi, likitan gasar Farfesa Sid Watkins ya ceto shi. Da aka ga ya tashi da karayar hanci da ciwon hannu kawai, sai hankalin kowa ya kwanta. Rabon da direba ya mutu a makon gasa tun 1982, shekara goma sha biyu ke nan, har an fara ɗauka motocin zamani ba sa kisa.

Ranar Asabar ana gwajin neman gurbi sai fuka-fukin gaba na motar Roland Ratzenberger ya karye ya shige ƙarƙashinta. Wannan fuka-fuki shi ke sa iska ta danne mota a ƙasa, in babu shi sitiyari ba ya jin magana. Ya miƙe ya daki katanga a kwanar Villeneuve da gudun da ya haura kilomita 300. Gindin ƙoƙon kansa ya karye. Shekararsa 33, ɗan Ostiriya ne, kuma wannan ne makonsa na uku kacal a gasar da ya yi shekaru yana fafutukar shiga, da kwantiragin tsere biyar a wani ƙaramin kamfani mai suna Simtek. Senna ya sa aka kai shi wurin da kansa. Watkins ya faɗa daga baya cewa da ya ga halin da yake ciki, ya ba shi shawara ya ajiye tseren nan haka, su tafi kamun kifi, tunda babu abin da ya rage bai ci ba. Senna ya nuna masa ba zai iya bari ba.

"To ka ji," in ji Kawu. "Ajali ne ke kira. Kwana in ya ƙare, ko a kan katifa kake sai ka tafi."

Na ce ban musa ba, amma ya bari in ƙarasa.

Ranar Lahadi tun daga tashi aka fara da tsautsayi. Motar JJ Lehto ta mutu a kan layi, Pedro Lamy ya taho daga baya ya dake ta, taya da tarkace suka tsallake shinge suka raunata 'yan kallo. Aka fito da motar da ke shiga gaba ta rage wa 'yan tsere gudu har a share hanya. Opel Vectra ce, irin wadda muka sani a titunanmu, ba ta da saurin da zai riƙe wa tayoyin motocin tsere zafinsu. Da ta kauce aka sake sakin totur, Senna a gaba cikin motar Williams, Michael Schumacher a bayansa. A zagaye na bakwai, ƙarfe 2:17 na rana, motar Senna ta ƙi lanƙwasa a Tamburello. Ya taka birki, ya rage daga sama da 300 zuwa ɗari biyu da 'yan kai, ya daki kankaren. Tayar gaba ta dama ta tsinke ta dawo ta same shi a kai, wani ƙarfe da ke riƙe da ita ya huda hular. Sauran jikinsa babu ko karaya. Jirgi mai saukar ungulu ya kai shi asibitin Maggiore a Bolonya, ƙarfe 6:40 na yamma aka sanar da mutuwarsa. Da aka duba cikin motar sai aka ga tutar Ostiriya a naɗe. Ya yi niyyar ɗaga ta ne in ya gama tseren, saboda Ratzenberger.

An ci gaba da gasar a ranar, Schumacher ya ci. Kafin a tashi ma sai da wata taya ta kwance daga motar Michele Alboreto a layin gareji ta raunata makanikai.

Me ya sa motar ta ƙi lanƙwasa? Kawu bai jira na faɗa ba, ya ce, "Sitiyari." Kotun Italiya ma nan ta karkata. Senna ya yi ƙorafin sitiyarin bai zauna masa daidai ba, sai aka yanke sandarsa aka yi mata ƙari da wani bututu mafi siranta, aka yi walda. Bayan hatsarin an same ta a karye. Gardamar ita ce, ta karye ne kafin dukan ko dukan ne ya karya ta. Wasu injiniyoyi sun ce tayoyin ne suka huce a bayan Opel ɗin, motar ta yi ƙasa, cikinta ya gogi kwalta ta zame. An gurfanar da shugabannin Williams a 1997, aka sallame su, aka ɗaukaka ƙara, shari'a ta yi ta jan ƙafa har 2007, lokacin da kotun ƙoli ta ɗora alhaki a kan daraktan fasaha na kamfanin, Patrick Head, amma ta ce wa'adin hukunci ya wuce. Kawu ya girgiza kai. "Walda a sandar sitiyari? Ko a Ƙofar Ruwa mai hankali ba zai yarda ba."

Abin da na so ya gane shi ne, wannan wasa ya daɗe yana cin mutane, kuma kusan duk wani abin kariya da ke cikinsa yau, in ka bi sawunsa, za ka tarar da gawa a farkonsa. A 1955 a Le Mans ta Faransa, a wata gasar daban ta awa 24, motar Mercedes ta tashi ta faɗa cikin 'yan kallo ta kashe sama da mutum 80, kuma ba a tsayar da tseren ba. A Monza a 1961 Wolfgang von Trips ya mutu tare da 'yan kallo 15. A wancan zamani damin ciyawa ake jerawa a bakin hanya a matsayin shinge, ciyawar da ta ƙara rura wutar da ta kashe Lorenzo Bandini a Monako a 1967. Direbobi da yawa ba sa son ɗaura bel, suna ganin gara mota ta wurgar da kai da ka ƙone a cikinta.

Wanda ya fara cewa a'a da babbar murya shi ne Jackie Stewart, ɗan Sikotilan. A 1966 a Spa ta Beljiyam ruwan sama ya kwashe shi, motarsa ta lanƙwashe ta matse shi, fetur yana zuba a jikinsa kusan minti 25. Babu ma'aikaci ko ɗaya a kusa. Abokan tserensa biyu, Graham Hill da Bob Bondurant, su suka ari sifana a wurin wani ɗan kallo suka kwance sitiyarin suka zaro shi. Daga ranar Stewart ya riƙa manna sifana a cikin motarsa, ya kuma shiga neman a sa shingen ƙarfe, a kawo likitoci, a tilasta bel da cikakkiyar hular kwano. Sakamakon da ya samu shi ne gori. Masu filaye suka ce zai jawo musu kashe kuɗi, wasu 'yan jarida suka ce matsoraci ne, in yana tsoro ya koma gida. Matsoracin nan sau uku ya zama zakaran duniya. Ya ajiye tuƙi a 1973 bayan abokin aikinsa François Cevert ya mutu a Amurka, ana gobe zai yi tserensa na ɗari.

A shekarar ne kuma aka yi abin da har yau ba na iya kallon hotonsa sau biyu. A Zandvoort ta Holan motar Roger Williamson ta kife ta kama wuta, yana ciki da ransa. Wani direba, David Purley, ya tsayar da tasa motar, ya tsallaka hanya a guje, ya yi ta ƙoƙarin juya ta shi kaɗai. Ma'aikatan da ke wurin ba su da kayan da wuta ba ta ci, suka tsaya suna kallo. Sauran motoci suna ta wucewa, direbobin sun zaci Purley ne mai motar, ya fito lafiya. Hayaƙi ya kashe Williamson.

Kawu ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce akwai wata kwana a hanyarsu ta Legas, gangare ne mai lanƙwasa, kowane direba ya san ta, kowace shekara sai ta ci motoci. Nan ya rasa wani yaron motarsa, ba a tasa motar ba, ya bi wani abokinsa ne ranar. "Mun je mun ɗauko shi, muka ce kwana ya ƙare. Da na sake bi ta wurin bayan wata uku, wata motar ce kwance a ramin." Ya zubar da sauran shayin kofinsa a ciyawa. Ban taɓa jin wannan labari a gidanmu ba.

Sid Watkins, wanda likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ne daga Ingila, ya karɓi aikin likitan gasar a 1978. A shekarar Ronnie Peterson ya mutu bayan hatsari a Monza, inda 'yan sanda suka tare hanya har likitan ya kasa isa wurinsa da wuri. Daga nan Watkins ya kafa sharuɗɗa: motar likita ta bi bayan 'yan tsere a zagayen farko, a sami asibiti a cikin fili, a sami jirgi mai saukar ungulu a tsaye, in babu ba za a tashi ba. A 1981 kamfanin McLaren ya fito da gangar mota ta zaren kabon, wadda ta fi ƙarfe ƙwari kuma ta fi shi rashin nauyi. Waɗannan ne suka kawo shekarun sauƙin da suka ruɗi kowa kafin 1994.

Bayan Imola, da kuma hatsarin Karl Wendlinger a Monako mako biyu kacal bayanta, wanda ya kwantar da shi a sume na kwanaki, sai abin da aka ce ba zai yiwu ba ya yiwu cikin gaggawa. Direbobi suka farfaɗo da ƙungiyarsu. Aka ƙayyade gudu a layin gareji, aka liƙa katako a ƙarƙashin kowace mota don kada a ƙara kwantar da ita ƙasa sosai, aka rage girman inji, aka ɗaga gefen mazaunin direba ya rufe masa kai. Tamburello kuwa, kafin gasar 1995 an karya ta gida uku an zuba tsakuwa a gefenta. Kogin yana inda yake, ba wanda ya taɓa shi. A 1999 aka fara ɗaure tayoyi da igiyoyi masu ƙwari don kada su tsinke su tashi. A 2003 aka tilasta wani abin wuya da ake kira HANS, wanda ke ɗaure hula da kafaɗa don kada kai ya fizge gaba, wato maganin irin raunin da ya kashe Ratzenberger. Wasu Amurkawa biyu sun ƙirƙiro shi tun shekarun 1980, ya daɗe yana jiran masu saye.

Har mu ma abin ya taɓa mu ta bayan gida. Shugaban hukumar tseren ta duniya a lokacin, Max Mosley, yana cikin waɗanda suka tsaya aka kafa tsarin gwada motocin gida ta hanyar daka su da bango a ba su taurari, wanda ya fara aiki a Turai a 1997. Da yawa daga cikin motocin Beljiyam da muke saye a Kano, irinsu sun bi ta wannan gwaji kafin su tsufa su iso mu. Sai dai mu kan karɓe su mu zagaya bel ta bayan kujera mu maƙale don ƙarar ta yi shiru.

Shekara ashirin bayan Senna ba a sake rasa direba a gasar ba, ko da yake an rasa ma'aikatan gefen hanya uku, a Monza a 2000, a Melbon a 2001, a Kanada a 2013, waɗanda ba kowa ke tuna su ba. Sai ranar 5 ga Oktoba, 2014, a Suzuka ta Japan, ana ruwa, Jules Bianchi ya zame ya shige ƙarƙashin wata katafila da ta shigo ɗauke wata motar. Ya yi wata tara a sume, ya rasu a Yulin 2015 yana da shekara 25.

Na ciro waya na nuna wa Kawu hoton motar yau, da wani ƙarfe mai ƙafa uku da ya zagaye kan direba. Ya ce, "Wannan ai silifa ce aka kifa." Na yi dariya, domin Turawan ma haka suka ce da aka kawo shi a 2018. Sunansa halo, da ƙarfen titaniyom ake yin sa, nauyinsa bai fi kilo 7 ba amma yana ɗaukar nauyin tan 12. Direbobi da 'yan kallo suka yi ca, wai ya ɓata kyan mota, wai an cire wa wasan jarumtarsa. Cikin masu sukar har da Romain Grosjean. Ranar 29 ga Nuwamba, 2020, a Baharen, motarsa ta huda shingen ƙarfe ta rabe biyu ta zama ƙwallon wuta. Silifar nan ce ta buɗa shingen ta saman kansa. Ya yi kusan daƙiƙa 28 a cikin wutar, ya fito da ƙafarsa, motar likitan da Watkins ya kafa al'adarta tana tsaye a wurin. Ƙuna ya samu a bayan hannuwa. Daga gadon asibiti ya ce ya janye maganarsa.

Ni dai a ganina waɗanda ke cewa an kashe armashin wasan ba su taɓa zuwa ɗaukar gawa ba. Har yanzu ana mutuwa, a 2019 ma wani matashi, Anthoine Hubert, ya rasu a Spa a gasar da ke ƙasa da wannan. Kuma motocin yau sun fi na zamanin Senna sauri a yawancin filaye.

Da rana ta karkata muka fita daga lambun, muka sayi piyadina a wata rumfa, wani burodi ne falle kamar gurasa, Kawu ya yi wa matar bayani da Italiyanci cewa cuku da ganye kawai, ban da naman alade. Sannan muka gangara ta bakin kogi don mu ga bayan katangar. Santerno ya kwanta shiru, ruwan kore-kore, duwatsu a waje. Kada a raina shi, a watan Mayun 2023 shi da 'yan uwansa suka yi ambaliyar da ta ci rayuka a yankin har aka soke gasar shekarar. Tsakanin filin da gaɓar kogin ɗan tsiri ne na ƙasa da itatuwa. Kawu ya auna da ido, ya taka, ya dawo. Ya ce lallai babu inda za a kai katanga. Ya ɗan yi shiru. "Amma su da suka zo suka duba, ba direbobi ba ne? Direba in ya ga rami a gaba ai ba ramin yake cewa a ɗauke ba." Na ce aikinsu ke nan, kada su ɗaga ƙafa, a kan haka ake biyansu. Ya ce, "To, wanda ke biyan fa?"

Ban ba shi amsa ba, na ce mu ƙarasa wajen kwanar Tosa, inda motar Ratzenberger ta tsaya. Tafiya ce mai ɗan nisa, ƙafar Kawu kuma ta fara ciwo. Abin tunawa da shi ƙarami ne, in ba ka nema ba sai ka wuce. Furanni kaɗan, tutar Ostiriya ja da fari guda biyu ko uku. Na gaya wa Kawu cewa Birazil ta yi zaman makoki na kwana uku, jama'a suka cika titunan Sao Paulo don rakiyar Senna, manyan gasar duk suka tafi can. Jana'izar Ratzenberger a Salzburg kuwa 'yan tsiraru ne suka je, cikinsu har da Mosley, wanda ya ce ya zaɓi nan ne saboda kowa ya tafi can.

Kawu ya cire hularsa ya sosa kai ya mayar. Ya tambaye ni sunan mutumin, na faɗa, ya gwada ya kasa. Ya sake gwadawa, harshen ya sarƙe a tsakiya. Sai ya laluba aljihu ya ciro tikitin jirginmu na safe ya miƙo mini.

"Rubuta mini shi a nan, da manyan baƙi," in ji shi. "Kuma ka ɗaga ƙafa, jirgin ƙarfe shida ba ya jiran kowa."